Fasfon 'Yan Mazan Jiya da Haƙƙinsu a Kan Hukuma

     

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta a wannan taro da aka yi domin 'yan mazan jiya, yayin da ranar 15 ga Janairu ke ƙaratowa, watau ranar da ƙasar nan ta keɓe domin tunawa da sojojinta, ita ce ko ya kamata hukuma ta yafe kuɗin fasfo ga tsofaffin sojojin da aka saka wa lambar yabo. Wanda ya dubi wannan magana daga nesa zai ɗauke ta ƙarama, domin ba ta shafi hatsi ba, ba ta shafi magani ba, ba ta kuwa shafi fansho ba. Amma wanda ya zauna da dattawan nan, ya ji irin ƙasashen da ƙafafunsu suka taka bisa umarnin hukuma, sa'an nan ya ga yadda ɗayansu yake lissafin 'yan kuɗin da ke aljihunsa a bakin ofishin shige da fice kafin ya juya gida, zai gane cewa ƙarƙashinta akwai babbar magana ta adalci da cika alkawari. Jawabina tun daga farko shi ne na'am, ya kamata, kuma haƙƙi ne da ya rataya a wuyan hukuma. Sai dai ina da gyara ga sharaɗin lambar yabo, zan zo gare shi idan na shimfiɗa dalilaina.

Mu fara da abin da ake biya. Kafin watan Satumba na 2024, fasfo mai shafi 32, wanda ke aiki shekara biyar, naira 35,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuwa naira 70,000. Ran 1 ga Satumba 2024 aka mai da su 50,000 da 100,000. Da shekara ta zagayo, ran 1 ga Satumba 2025, aka sake ninka su, suka zama 100,000 da 200,000. A gefe guda, mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa ma'aikaci tun watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne a wata. Ashe ke nan mafi arahar fasfo a yau ya ɗara albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci mai jini a jika, balle abin da ke shiga hannun dattijon da ya ajiye kaki shekaru da yawa da suka wuce, wanda ke ciyar da jikoki, wani lokaci har da marayun 'ya'yansa. Hukumar shige da fice ta ce ƙarin domin kyautata ingancin fasfon ne, ba ni kuwa da niyyar yin jayayya da ita a kan wannan a zaman nan. Abin da ke gabana shi ne wanda ya kamata a ɗauke wa nauyin.

Babu garin da ya fi cancanta a yi wannan magana a cikinsa kamar Yola, domin daga nan ne, tun a makonnin farko na Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Jamus, aka tura sojojin Nijeriya su ƙetare iyaka. A ƙarshen watan Agusta na 1914 wata runduna ta tashi daga Yola ƙarƙashin Laftanar Kanar Makiliya, ta shiga ƙasar Kamaru wadda take hannun Jamus a lokacin, ta yi arangama a Tepe, ta auka wa ganuwar Garwa da dare. Amma aka fi ƙarfinta, aka kashe shugabanta da mutane da yawa, sauran suka komo Yola. Ran 29 ga Afrilu 1915 Jamusawa suka rama ziyara, suka ƙetaro da ɗaruruwan mayaƙa suka kewaye Gurin, garin da Modibbo Adama ya fara zama kafin ya kafa Yola a 1841, inda sojoji arba'in da 'yan kai suka tsare sansaninsu sa'o'i masu yawa, ko da yake an kashe hafsansu, har maharan suka gaji suka janye. Sai ran 10 ga Yuni na wannan shekara Garwa ta miƙa wuya, bayan an hawo da babbar bindiga ta Kogin Binuwai, wannan kogi da ke kwance a gefen Jimeta. Da aka gama da Kamaru a 1916, sai aka kwashi sojojin Nijeriya a jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka, inda suka yi hasarar rayuka mai yawa a yaƙin Mahiwa cikin watan Oktoba na 1917.

A Yaƙin Hitila kuwa tafiyar ta fi haka nisa. A 1941 birged ɗin Nijeriya ta kori sojojin Italiya daga Mogadishu har zuwa Harar ta ƙasar Habasha, tafiyar kimanin mil dubu cikin wata guda. Daga 1943 aka soma ɗibar runduna ta 81, daga baya ta 82, na sojojin Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya, daga can aka shigar da su dazuzzukan ƙasar Bama su fuskanci Japanawa. Suka yi ta fama a kwarin Kaladan da lardin Arakan, da kaya a ka, a wuraren da mota ba ta shiga, cikin ruwan sama da zazzaɓi, har suka karɓi Miyohan a watan Janairu na 1945. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, ko ga wanda ba ita ya tsotsa ba, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a 1939, ita ke kai wa iyayensu labarin yaƙin. Wanda yake son shaida, ya karanta sunayen barikokinmu: Miyohan da Arakan da Dodan a Ikko, Letmak a Badun, Kalapanzin a Kaduna, Cindit a Zariya, Mogadishu a Abuja. Kowane ɗaya daga cikinsu tunawa ne da wani wuri ko wata runduna a ƙasar waje inda 'ya'yan talakawan ƙasar nan suka zubar da jini.

Ba zan ɓoye wani abu da kowane ɗan Fombina, watau ƙasar Adamawa, ya sani ba, cewa rundunar nan da muke yabo, ita ce dai wadda Turawa suka zo da ita suka ci Yola a watan Satumba na 1901, suka fitar da Lamiɗo Zubairu daga fadarsa. Wannan gaskiya ce, tana kuwa da ɗaci. Amma ƙananan sojojin da suka bi bayansu, waɗanda talauci ko umarnin hakimi ya kai su bariki, ba su suka tsara mulkin mallaka ba, kuma rundunar da suka bari ita ce ƙasa mai 'yanci ta gada a 1960, ta ci gaba da aikawa da ita duk inda ta ga dama: Kwango daga 1960 zuwa 1964, Tanganyika a 1964, Lebanan daga 1978, Laberiya daga 1990, sa'an nan Saliyo, da Darfur ta ƙasar Sudan. Tsakanin waɗannan akwai yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970, wanda Adamawa ta ba da 'ya'yanta masu yawa a cikinsa. Barikin Yola ma sunan ɗayansu yake ɗauke da shi, watau Laftanar Janar Gibson Jalo, mutumin Demsa, wanda ya shugabanci sojojin ƙasa daga 1980, daga baya ya zama babban hafsan tsaro. Na baya-bayan nan kuwa ba sai an ba ku labari ba, domin da idonku kuka ga jama'ar Madagali da Michika da Mubi suna kwararowa Yola da Jimeta a ƙarshen 2014, suka cika gidajen 'yan'uwa da sansanin Malkohi da na Damare da harabar majami'u da masallatai, bayan Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a ƙarshen watan Oktoba. Kun kuma san waɗanda suka nufi arewa a lokacin da kowa ke gudowa kudu.

Abin da nake so ku lura da shi cikin wannan dogon tarihi shi ne, a duk ƙetare iyakokin nan, tun daga Tepe har zuwa Darfur, ba a taɓa tsayar da soja an ce ya kawo kuɗin takardar fita ba. Hukuma ce ta buƙaci tafiyarsa, saboda haka ita ta shirya takardu, ita ta kawo jirgi, ita ta buɗe masa ƙofar kowace ƙasa, ba ta kuwa tambaye shi ko yana so ko ba ya so ba. To, idan ya kasance hukuma ta iya sauƙaƙa wa mutum fita sa'ad da fitar take domin maslaharta, alhali tana sane da cewa mai yiwuwa ne ba zai komo ba, da wace hujja za ta tsananta masa sa'ad da ya tsufa, ya nemi fita sau ɗaya domin maslahar kansa, ya sauke farali ko ya nemi magani?

Wani zai ce, ina ruwan tsohon soja da fasfo, ina za shi? Amsar tana da yawa a jiha irin tamu. Na farko akwai aikin Hajji, wanda shi ne burin ƙarshe na yawancin dattawanmu Musulmi, kuma tun da hukumomin Saudiyya suka daina karɓar fasfon nan na musamman da ake yi wa alhazai a da, babu mai zuwa Makka sai da cikakken fasfo. Sau da yawa 'ya'ya ne ke haɗa kuɗin kujera, ko wani mai hali ya biya, sa'an nan a bar dattijo da kuɗin fasfo, ya zama shi ne ƙaramin dutsen da ya hana babbar ƙofa buɗuwa. Haka 'yan'uwanmu Kirista masu niyyar ziyarar Urushalima. Akwai neman magani a Masar ko Indiya, ga waɗanda raunin da suka samo a fagen fama ya ƙi warkewa a asibitocinmu. Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu mutanen bakin iyaka, watau zumunci. Gama iyakar da Turawa suka shata ta ratsa tsakiyar Fombina, ta bar Yola a gefe ɗaya, Garwa da Ngaundare da Banyo a ɗaya gefen, kuma ko ƙasar Mubi da Ganye sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu 1961 suka tabbata cikin Nijeriya. Kamaru kuwa ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta sauƙaƙa zirga-zirga tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma. Saboda haka dattijon da ya yi shekara talatin yana kiyaye doka, wanda ba ya son ya bi ta barauniyar hanya zuwa jana'izar ɗan'uwansa a Garwa, yana buƙatar takarda ingantacciya a hannunsa. Kotun Ƙoli ta ƙasar nan ma, a shari'ar Olisa Agbakoba da hukumar tsaron farin kaya a 1999, ta tabbatar cewa riƙe fasfo yana cikin 'yancin zirga-zirga da tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa, domin ba a iya fita sai da shi.

Ba mu ne za mu fara wannan ba. A 2004 gwamnatin Ingila ta yanke cewa duk ɗan ƙasarta da aka haifa ran 2 ga Satumba 1929 ko kafin haka, watau wanda ya kai shekara 16 sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, za a ba shi fasfo kyauta muddin ransa, ko ya ɗauki bindiga ko bai ɗauka ba, domin girmama tsarar da ta ɗauki wahalar yaƙin. Asalin abin kuwa shi ne a taimaki tsofaffin sojoji su koma su ga wuraren da suka yi yaƙi da kaburburan abokansu. A Amurka doka ta yafe kuɗin fasfo ga matar sojan da aka binne a ƙasar waje, da 'ya'yansa da iyayensa da 'yan'uwansa, idan za su ziyarci kabarinsa. Amma ku dubi inda wannan ya bar namu. Sojan Adamawa da ya kwana rami ɗaya da Bature a Kaladan bai shiga cikin alherin Ingila ba, domin tun 1 ga Oktoba 1960 ya zama ɗan Nijeriya. Ƙasarsa kuma ba ta yi masa makamancinsa ba. A maƙabartar Taukiyan, kusa da birnin Rangun na ƙasar Bama, akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma, sunaye irin namu, waɗanda iyalansu ba su taɓa tsayawa a gabansu sun yi musu addu'a ba.

Wannan rashin daidaito tsoho ne. A 2019 aka tono wata takarda ta 1945 wadda ta nuna cewa, wajen biyan kuɗin sallama bayan yaƙi, farabiti Bature sule goma ake ba shi a kan kowane wata da ya yi yana aiki, baƙar fata ɗan Afirka mai irin muƙaminsa kuwa sule uku da sisi. A watan Afrilu na 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, har ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa. Maƙwabtanmu na Nijar da Chadi da Kamaru sun sha irin wannan a hannun Faransa, wadda ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka da dokar 1959, ba ta daidaita shi sosai da na Faransawa ba sai a 2011, bayan yawancin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. Muna da damar mu zargi Turawa a kan waɗannan, kuma zargin daidai ne; sai dai zarginmu zai fi nauyi idan mu da muka gaji rundunar muka nuna cewa mun fi su sanin darajar mutanenmu.

Yanzu bari in juya ga hujja mafi ƙarfi da masu saɓani suke kawowa, wadda ban raina ta ba. Suna cewa 'yan ƙasa daidai suke a gaban doka, kuma malamin makaranta da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙauye, da ungozoma, da manomi, duk sun bauta wa ƙasa, don me za a fifita soja? Wannan saɓani ya girmi Nijeriya, domin ya auku tsakanin manyan Sahabbai biyu. Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ya kasance yana raba dukiyar baitulmali daidai wa daida, bisa ra'ayin cewa ladan rigaye yana wurin Allah, abin duniya kuwa guzuri ne da kowa ke buƙata. Da Sayyidina Umar ya karɓi halifanci, ya kafa diwani wajen shekara ta 20 bayan Hijira, sai ya yi ijtihadi dabam, ya jera mutane bisa rigayensu da wahalar da suka sha, ya yanka wa mutanen Badar dirhami 5,000 kowace shekara, waɗanda suka zo daga baya kuma ƙasa da haka. Malamai ba su ɓatar da ko ɗaya daga cikin ijtihadin nan biyu ba, abin da suka fitar daga ciki shi ne, shugaba yana da ikon fifita wasu a rabon baitulmali idan akwai dalili bayyananne na maslaha, ba son zuciya ba. Dalilin kuwa a nan bayyananne ne. Malamin makaranta yana iya ajiye aiki ran da ya so, yana iya shiga yajin aiki, yana iya ƙin canjin wuri ya kai ƙara; soja ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, dokar da ke kansa dabam ce, kotunsa dabam ce, kuma shi kaɗai ne ma'aikacin da sharaɗin aikinsa ya ƙunshi ya tafi inda ake kashe mutane idan an ce ya tafi. Wanda aka karɓe wa 'yancin da ba a karɓe wa kowa ba, ba zalunci ba ne a saka masa da abin da ba a saka wa kowa ba.

A nan ne zan kawo gyaran da na yi alkawari. Masu wannan shawara sun taƙaita ta ga waɗanda aka saka wa lambar yabo, ni kuwa ina ganin wannan ma'auni ya yi ƙunci, zai kuma bar mafi yawan masu haƙƙi a waje. Lambobin jarumtaka, irin su Tauraron Kogin Binuwai da Tauraron Kogin Kwara, ba kowa ke samunsu ba, kuma samunsu yana rataye ne ga abubuwan da ba su hannun soja: sai wani hafsa ya ga abin da ya yi, sai hafsan ya rayu, sai ya zauna ya rubuta, sai takardar ta isa hedikwata ba ta ɓace a hanya ba. Jarumtaka nawa aka yi a daji da dare, wadda shaidunta duk suka mutu a wurin? Wasu lambobin kuma, waɗanda muke gani jere a bayan sunayen manyan hafsoshi, na tsawon shekarun aiki ne da kyawun hali, abin yabo ne babu shakka, amma idan aka ce kowace lamba ta isa, to, sai a wayi gari janar mai gida a Abuja, wanda kuɗin fasfo bai dame shi ba, ya sami yafewa, kofur ɗin da ya bar ƙafarsa a Laberiya ya biya. Haƙiƙa akan sami ƙaramin soja da sunansa ya fito, kamar Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara aiki da Jamusawa a Kamaru, ya koma rundunar Nijeriya, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa, har barikin Lokoja yake ɗauke da sunansa. Amma a bayan kowane Maigumeri akwai dubbai da suka yi tafiya ɗaya da shi, ba abin da suka komo da shi sai takardar sallama da tabo.

Ku sake duban abin da Sayyidina Umar ya yi. Bai ce sai wanda ya yi fice a Badar ba, bai nemi a kawo masa shaidar wanda ya kashe wane ba. Halarta kawai ya sa ta zama ma'auni, kuma bai bambanta ɗa da bararren bawa a cikinsu ba. Wannan shi ne ma'aunin da nake roƙo a ɗauka. A yafe kuɗin fasfo ga duk wanda aka ba lambar jarumtaka, wannan ba gardama; a haɗa da duk wanda aka raunata a bakin daga; a haɗa da duk wanda takardunsa suka nuna ya halarci wani yaƙi, a cikin gida ko a waje, ya kuma bar aiki da mutuncinsa; sa'an nan a haɗa da matar wanda ya mutu a fagen fama da mahaifansa, domin su ne suka biya farashin da ya fi kowane tsada. Wanda kotun soja ta kora saboda cin amana ko zaluntar farar hula, wannan ba ya ciki, domin mun san an yi irin waɗannan, kuma bai kamata alherin ya shafe haƙƙin waɗanda aka zalunta ba. Ina kuma tuna wa hukuma da maharba da 'yan banga na ƙasar nan, waɗanda suka taimaka wajen ƙwato Mubi a watan Nuwamba na 2014 da bindigogin toka da kwari da baka. Ba sa cikin rajistar soja, amma suna cikin rajistar zukatan mutanen Adamawa, ya kamata a nemi hanyar da za a tuna da su.

Game da abin da wannan zai ci wa baitulmali, lissafin ba mai wuya ba ne. Fasfo ba abinci ba ne da ake nema kullum, sau ɗaya ne a shekara biyar ko goma. Naira 100,000 a shekara biyar, ko 200,000 a shekara goma, duk naira 20,000 ke nan a shekara a kan mutum guda. Ba kuwa kowane tsohon soja ne zai nema ba, sai mai niyyar tafiya. A ƙaddara, bisa misali kawai, mutum dubu ne suka nema a shekara ɗaya, to, naira miliyan 100 ke nan, abin da bai kai kuɗin babbar motar ofis guda ɗaya ta zamanin nan ba. Tsoron da ya fi wannan ma'ana shi ne na maguɗi, kada 'yan damfara su sayi tsohon kaki su shiga layi. Amma maganinsa yana hannu, domin Hukumar Fanshon Soja tana da sunayen masu karɓar fansho da lambobin aikinsu, tana kuma tantance su lokaci bayan lokaci, hukumar shige da fice kuwa ba ta ba kowa fasfo sai da lambar shaidar ɗan ƙasa da hoton yatsunsa. Haɗa rajistar nan biyu aikin 'yan makonni ne ga masu ilmin kwamfuta, idan an ba su umarni. Sharaɗi ɗaya nake gindayawa, kada a mai da yafewar ta zama sabuwar wahala, a ce sai dattijo ya tafi Abuja ya kawo takarda kafin a saurare shi. A gama masa kome a ofishin fasfo na nan Yola.

Na san a cikin iyayenmu da ke zaune a nan akwai wanda zuciyarsa ke cewa, malam, a biya mu haƙƙinmu na fansho tukuna, a ba mu magani, sa'an nan a yi zancen fasfo. Gaskiyarku ce, ranku ya daɗe. Mun ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi ta tarayya a Abuja, a watan Disamba na 2024 da Janairu na 2025, suna neman a biya su abin da doka ta riga ta ba su, kuma abin kunya ne ga ƙasa a ce masu furfura sun kwana a titi kafin a ji kukansu. Fansho da garatuti bashi ne, biyan bashi kuwa wajibi ne da ke gaba da kowace kyautatawa, kuma ba na yarda a ɗauki yafe kuɗin fasfo a rufe bakinku da shi. Amma neman babban haƙƙi ba ya kayar da ƙarami. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a littafinsa na haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara domin ya biya jiziya, sai ya ga cewa ba adalci ba ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yashe shi da tsufansa, ya ɗauke masa jiziyar, ya kuma yanka masa abin da zai ci daga baitulmali, shi da ire-irensa. Abu biyu ya yi masa a lokaci ɗaya, ya sauke masa biya, ya kuma ba shi. Bai ce ɗaya ya wadatar daga ɗaya ba, bai kuma dubi addininsa ba.

Saura mu san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Tsarin mulki na 1999 ya sa al'amarin fasfo da biza cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, don haka Majalisar Dokokin Adamawa ba ta da ikon yafe ko kwabo. Amma tun da ƙarin kuɗin da aka yi a 2024 da 2025 sanarwa ce daga hukumar shige da fice da ma'aikatar harkokin cikin gida, to, hannun da ya ƙara yana iya ragewa. Domin kuwa abin ya dawwama, kada wani ya zo gobe ya soke shi, sai a sa shi cikin doka. Adamawa tana da sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai takwas, ina roƙonsu su ɗauki wannan ƙuduri su kai shi zauren majalisa da sunan jihar da aka tura soja ƙetare daga cikinta tun 1914. Kafin wannan ya tabbata, babu dokar da ta hana gwamnatin jiha da ƙananan hukumominmu 21 su biya wa nasu 'yan mazan jiya kuɗin daga aljihunsu, su fara da masu niyyar Hajji da Urushalima na bana da masu neman magani. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nijeriya, wadda doka ta kafa tun 1964, reshenta na jiha shi ya fi dacewa ya tattara sunaye, gunduma gunduma, tare da taimakon hakimai da masu unguwa, waɗanda suka san gidan kowane tsohon soja da kowace gwauruwar soja.

Ku kuma 'yan'uwa da kuka saurare ni, idan aka kawo muku alamar tunawa da 'yan mazan jiya a wannan wata, ku saya ku maƙala a ƙirji kamar yadda aka saba, sa'an nan ku ƙara da rubuta wa wakilinku takarda a kan wannan magana, da sunanku da sunan mazaɓarku. Waɗanda suka je Bama saura ƙalilan, waɗanda suka je Kwango sun haura tamanin, na yaƙin basasa kuma suna bin bayansu; a yi wannan abu yanzu, tun suna da ƙarfin hawa jirgi. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.